Ranar da Aka Ce Ɗanmaliki Ya Cika

Ina tsugune gaban murhu ina fifita wuta a ƙarƙashin tukunyar yashi sai na ji salatin Hajo ya tashi daga gidan Baffa Ɗanmaliki, irin salatin nan mai tsawo da ba a yin sa sai an yi rashi. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan, gajera kuma, ta samanta ma nake miƙa wa matarsa Yelwa rariya. Kafin in yar da mafici in leƙa, Hajo ta riga ta kai zaure tana tafa hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a, lokaci ya yi! Ɗanmaliki ya cika!"

Nan take na gaskata, don mutumin ya jima a kwance. Na taka turmi na leƙa. Ga Yelwa zaune a kujera 'yar tsugunno, ido jawur, hawaye shaɓe-shaɓe, ɓawon albasa zube a gabanta. A gefenta kwanon samira, manyan tattasai jere a ciki kowanne a tsaye da hularsa. Bayanta kuma, a inuwar rumfa, ga mamacin nan a kishingiɗe yana korar ƙuda.

"Yaya Yelwa, lafiya?"

"Yo ni ma ke zan tambaya, Turai. Wa ya rasu?"

A nan na gane abin da ya faru. Ɗazu kaɗan, da na ji yashi ya ɗauki zafi, na ɗaga murya ta kan katanga na ce, "Yaya Yelwa, ya cika?" Ita kuma tana jan hanci saboda albasa ta ce, "Ya cika, Turai, yanzun nan ya cika. Ki zo mu rufe shi." Tattasai take nufi. Hajo, maƙwabciyarmu ta ƙarshen lungu, a daidai lokacin ta sako kai za ta ari taɓarya. Ta ji maganar, ta ga hawayen, ba ta ƙara taku ɗaya ciki ba ta juya. Hajo kuwa in labari ya shiga kunnenta, ƙaiƙayi yake mata har sai ta sauke shi a kunnen wani.

Yadda aka yi tattasai ya zama abinci a gidan, ga shi. Tun damina Baffa Ɗanmaliki ya yanke jiki ya faɗi a lambunsa. Aka kai shi Kano, likita ya ce hawan jini ne, ya taɓa zuciya. Ya hana shi gishiri, ya hana shi mai, ya hana shi kitse. Mutumin da duk masu tsire na Karaye suka san muryarsa, wanda ba ya cin tuwo sai man shanu ya kwanta a kan miya. Yelwa ta yi masa faten wake ba gishiri, ya ɗanɗana ya ce a ba akuya. Ta yi masa dafadukan da babu mai, ya ce akuyar ma kada a zalunce ta. Sai ya koma shan kunu kurɓa biyu, ya ture kofin. Ya rame har wuyan rigarsa na zamowa ta kafaɗa.

Yelwa ba ta da ɗa a raye, shi ɗin ne nata. A shekarun nan ƙaramar hukuma ta buɗe wani aji na matan aure, ana koyar da ɗinki da girki. Tsohuwar nan ta yafa mayafi ta je ta zauna cikin ƙananan matan da ta yi jika da su, ta ce wa malamar a koya mata abin da mara lafiya zai ci ba gishiri ba mai, kuma ya ji daɗinsa. Malamar ta koya mata wannan. A zaɓi tattasai manya jajaye masu tsoka, a yanke kansu a ajiye, a ƙwaƙule 'ya'yan. A tafasa shinkafa rabin dahuwa, a daka nama marar kitse a turmi, a haɗa da albasa da tumatir da tafarnuwa da citta da ganyen zogale, a sa daddawa kaɗan ta tsaya a madadin gishiri. A ɗura a cikin tattasan, a mayar masa da kansa, a gasa. Malamar a murhun lantarki take nata gashin. Mu da ba mu da shi sai na ce mu yi yadda nake yin kek ɗin salla: yashi a gindin babbar tukunya, kwano a kan yashin, garwashi a kan murfi. Ranar ce gwajinmu na farko.

Ban gama saukowa daga turmi ba gidan ya cika da mata. Kowacce ta shigo da kukanta a shirye, sai ta yi ido biyu da Baffa, kukan ya maƙale. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta zauna daf da shi tana ba shi haƙurin rashinsa. Ya ce mata, "Na gode, Allah ya ba da lada." A waje maza sun shimfiɗa tabarmi, samari biyu sun saɓa diga sun nufi maƙabarta, sai da aka bi su da gudu.

Na zagayo na shiga gidan, na tarar da Liman ya yi sallama ya tsaya a bakin rumfa, Hajo kuma ta dawo tana rantse-rantse.

"Wallahi da kunnena na ji! Ta ce ya cika, ta ce a zo a rufe shi!"

"Ke dai Hajo Allah ya shirye ki," in ji Yelwa. "Wa da wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. 'Yan bakin masallaci ne kawai, sai masu nama. Sai Ɗantala mai babur."

"Ɗantala? Ina yake?"

Hajo ta sunkuyar da kai. "Ya ce bari ya kai saƙo Zoza."

Yelwa ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! A bi shi! A samu wani mai babur ya tare shi kafin ya kai Rogo!"

Baffa Ɗanmaliki, wanda sai an kama shi yake tashi zaune, ya dafa tabarma ya tashi da kansa.

"Wajen wa ya tafi a Zoza?"

"Wajen wa kuwa, Malam, in ba Hamma ba?"

Baffa ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Kada wanda ya bi shi."

Duk unguwa mun san labarin. Hammawa, wanda suke ce wa Hamma, wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, makiyayi a Zoza. Da mahaifinsu ya rasu aka raba shanu, Ɗanmaliki ya sayar da nasa kason ya dawo Karaye ya sayi fadama ya kama noman tattasai. Hammawa ya zo har gidan nan ya ce masa ya mayar da shanun ubansu kayan miya. Magana ta yi zafi, Hammawa ya tsaya a tsakar gida ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ba sai ranar da aka ce masa ƙanensa ya cika. Shekara ta fi ashirin ke nan. Tun da ciwon nan ya kama Baffa babu wanda bai aika ba, har Liman ya je da kansa. Hammawa ya ce rantsuwa rantsuwa ce, Allah ya ba shi lafiya. Ya aiko da ƙwaryar man shanu, abin da likita ya fi hanawa. Baffa bai bari an taɓa ta ba, ya sa aka ajiye masa ita kusa da kansa. Ni da nake shiga gidan kullum na san ba gishiri ne kawai ya hana mutumin nan cin abinci ba. Tsoron da yake ji shi ne ya mutu bai sake ganin wansa ba.

Liman ya yi gyaran murya. "Ɗanmaliki, ba a wasa da saƙon mutuwa."

"Allah gafarta Malam, ni na aika? Hajo ce ta aika. Kuma kana nan aka yi rantsuwar. Cewa ya yi sai ranar da aka ce masa na cika. Ya ce sai na cika?"

Liman ya shafa gemu. "A lafazi dai, aka ce ya ce."

"To an ce."

"Amma tayar wa dattijo hankali fa?"

"Shi nawa hankalin a kwance ya bar shi?"

Liman ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce bari ya je ya sallami mutanen waje.

Matan da suka zo gaisuwa ba su tafi ba. Tun da babu gawa sai suka kewaye tattasan. Wata ta ɗaga hular guda ta leƙa ciki ta ce, "Tabɗijam! Da can miya ake zubawa a kan shinkafa, yanzu shinkafa ake zubawa a cikin miya." Na ɗauko tukunyata da tsumma na kawo ta murhun Yelwa. Muka zuba ruwa kaɗan a gindin kwanon don kada ya kama, muka ɗora shi a kan yashi, muka rufe, na kwashi garwashi na zuba a kan murfin. Mafici kuwa Hajo na miƙa wa. Na ce tun da ita ta kashe mutum, ita za ta yi fifita.

Ba a jima ba ƙamshi ya tashi, irin wanda ban taɓa ji a unguwar ba, zaƙin gasasshen tattasai haɗe da daddawa da nama. Surutun mata ya ragu. Da na ɗaga murfi, fatar tattasan ta yi laushi ta ɗan yamutse, gefen hulunan ya yi baƙi-baƙi, romo na tsattsafowa. Yelwa ta ce a kai wa Malam guda. Baffa ya ce a bari tukuna.

Ya sa aka ɗauko masa babbar rigarsa ta Juma'a da hula. Rigar ta yi masa yawa, ya zauna a cikinta kamar yaron da ya ari kayan babansa. Aka yi azahar, ya yi tasa a zaune. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Duk babur ɗin da ya wuce a titi sai ya ɗaga kai, in ƙarar ta yi nisa ya mayar. Ina gyara garwashi don kada abincin ya huce na ji ya ce wa Yelwa a hankali:

"In aka ce masa na mutu kuma bai zo ba fa?"

Ni kuwa tausayinsa ya kama ni har na ji haushin Hajo sabo fil. Da can ko ba komai yana da abin da yake jira. In yau ta wuce ba a zo ba, ba shi da sauran abin jira.

Ana idar da la'asar babur ya tsaya a ƙofar gida. Muka ji murya a zaure, babba, a shaƙe.

"Ina ƙanena? Kada ku ce mini kun kai shi!"

Dogon tsoho ya faɗo tsakar gida, siriri, da malafa da sanda, gemunsa ya jiƙe. A hammatarsa akwai farin yadi a naɗe, likkafanin da ya tsaya ya yanka a Rogo. Ɗantala na biye da shi yana raba ido, don ya ga babu tabarmi a waje. Hammawa ya yi taku uku ya tsaya cak. Ga ƙanensa a zaune cikin babbar riga, ya karkata hula.

"Kai ba ka mutu ba?"

"Ban samu dama ba tukuna, Hamma. Sannu da hanya."

Hammawa ya juya ya ɗaga sanda zai kai wa Ɗantala, Ɗantala ya yi waje. Tsohon ya juyo ya dubi ƙafafunsa a kan daɓen tsakar gidan, kamar ya taka garwashi.

"La ilaha illallahu. Kun sa na karya rantsuwa."

"Me aka ce maka a Zoza?"

"An ce ka cika."

"To me ka rantse a kai?"

Hammawa ya dogara da sandarsa. Liman da ya biyo bayansa ya ce daga bakin zaure, "Malam Hammawa, ni shaida ne. Sai ranar da aka ce, haka ka faɗa. Babu kaffara a kanka."

Tsohon ya tsaya yana huci. Ya tako a hankali ya zauna a can bakin tabarma, ya ba ƙanensa rabin baya, ya ajiye yadin a tsakaninsu.

"Kai dai ko mutuwar ma ba ka iya yin ta yadda mutane ke yi ba."

"Wannan nawa ne?" Baffa ya murza bakin yadin da yatsa. "Haba Hamma, shara-shara ka sayo mini? Ai sanyi zai kama ni."

Hammawa ya share fuska da hannun riga, ya daɗe yana sharewa.

Yelwa ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, sannan ta dire kwanon a gabansu ta buɗe. Hammawa ya leƙa ya ja baya.

"Mene ne wannan kuma?"

"Shanun babanmu ne, Hamma," in ji Baffa. "Bisimilla."

Ni da Yelwa muka shige madafa da sauri, na toshe baki da gefen zane. Ta kafar zana nake kallonsu. Hammawa ya ɗauki guda da yatsa biyu, ya cire hular, ya shinshina, ya gutsura. Ya tauna ya daɗe.

"Babu gishiri."

"Likita ya hana."

"Babu mai."

"Likita."

"To me ya bar maka?"

"Yelwa da rediyo."

Hammawa ya sake gutsura, babba wannan karon, romo ya bi masa gemu. Ya cinye, ya lashe yatsa, ya ce abin ba laifi in mutum na cikin yunwa. Sai ya dubi ƙanensa sosai, karo na farko, ya ga wuyan da kafaɗun.

"Kai me kake jira?"

"Ba na jin ci."

"Ban tambaye ka abin da kake ji ba." Ya ɓare tattasai guda, ya ɗebo cikin da yatsunsa, ya hura. "Buɗe bakinka."

"Hamma, da girmana?"

"Girman me? Ni na goya ka zuwa mashayar shanu. Buɗe."

Baffa Ɗanmaliki, mai furfura har a gira, ya buɗe baki. Loma bayan loma sai da ya cinye guda cur, har fatar, ya ce a ƙara masa rabi. Yelwa ta zauna a kan itacen girki ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na girgiza. Na dafa ta.

Hammawa bai koma Zoza ba. Da safe ya tare Liman ya tambaye shi, in ya fita daga gidan ya dawo, rantsuwar za ta dawo sabuwa ko ta ƙare ke nan? Liman ya ce mas'ala ce mai zurfi, sai ya duba littattafai. Duk lokacin da aka tambaye shi sai ya ce bai kai ga babin ba. Don haka tsohon ya aika wa 'ya'yansa su kula da shanu, ya shimfiɗa buzunsa a rumfar. Ko masallaci zai je sai ya bar sandarsa a ciki, wai don a san bai fita ba.

Kullum ni da Yelwa muna gashi. Wata rana mu sa wake a madadin nama, wata rana busasshen kifi. Hammawa na cin biyu yana kushewa, yana ɗura wa ƙanensa ɗaya. Daga gidana nakan ji su suna musu tun hantsi: wace shekara fara ta zo, wa ya fara tsoron kura, wa uwarsu ta fi so. Fuskar Baffa ta ɗan ciko, har muka fara cewa ya ji sauƙi. Amma ƙafafunsa na ta kumbura, numfashinsa na gajarta. Shi ya sani, Hammawa ma ya sani.

Ran wata Talata da hantsi muna zaune ni da Yelwa muna ƙwaƙule tattasai. Baffa na kwance, kansa a kan cinyar wansa. Tun asuba bai yi magana sosai ba. Hammawa ya kama lissafa masa shanun mahaifinsu da sunayensu, yana faɗin wadda ta haifi wata, rabi da Hausa rabi da Fulatanci.

"Sai Gudale, ita ta haifi Wule."

"Nore ce," in ji Baffa, idonsa a rufe. "Nore ta haifi Wule."

"Gudale ce."

"Kai da kake tare da su ma ba ka sani ba."

Na ga Hammawa ya yi murmushi a cikin gemu, na gane da gangan yake yi. Ya ci gaba. Ya ba wata jar saniya farin goshi, Baffa ya gyara masa. Ya ce bijimin nan a Beli aka saye shi, Baffa ya ce a Rogo, da ƙyar aka ji. Hammawa ya zagayo kan Wule ya sake cewa Gudale ce ta haife ta.

Shiru.

Yelwa ta ajiye wuƙa. Hammawa ya sunkuya ya kai bakinsa kunnen ƙanensa yana kalmar shahada a hankali, yana maimaitawa. Na ga leɓen Baffa ya motsa tare da nasa, sannan ya tsaya. Tsohon ya sa tafin hannu ya shafa masa ido, ya gyara masa haɓa. Yelwa ta ja mayafi ta rufe fuska, salatinta ko fita ba ya yi. Ni ma na kasa tashi in kira kowa, don raina ya yi nauyi ƙwarai.

Hammawa bai ɗaga kan daga cinyarsa ba. Ya kori wani ƙuda da ya sauka a goshin, ya gyara wuyan rigar da ya zame.

"Gudale ce ta haifi Wule," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

Ya karkata kunne ya jira.